Soren Sorensen, Ɗan Manomin Da Ya Yi Wa Tsami Mudu

Akwai waɗansu haruffa biyu waɗanda duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kimiyya na kwalejin nan ya san su, watau pH. Suna cikin littafin aji, suna jikin kwalaben magani, har jikin waɗansu robobin ruwan sha akan gan su. Amma na lura in na tambayi ɗalibai wa ya ƙago su, ko kuwa wace matsala ce ta sa aka ƙago su, sai aji ya yi tsit. An haddace ma'anarsu don jarrabawa, an bar labarinsu a baya. Ku kuwa gobe ku ne za ku tsaya gaban allo, kuma abin da malami ya haddace bai gane ba, haka zai miƙa shi ga yara, su ma su haddace ba su gane ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku tarihin mutumin da ya kawo wannan ma'auni, da irin amfanin da ake ci da shi har yau wajen ƙera magunguna.

Sunansa Soren Peter Lauritz Sorensen, mutumin ƙasar Danmak. An haife shi ran 9 ga Janairu, 1868, a wani ƙauye da ake kira Havrebjerg. Ubansa manomi ne. Da ya kai shekara goma sha takwas sai ya shiga jami'ar Kofanhagen, babban birnin ƙasar, da niyyar zai koyi aikin likita. Can ya haɗu da wani babban malamin kemistiri mai suna S. M. Jorgensen, sha'awar wannan fanni ta kama shi, ya bar likitanci ya bi malamin. A 1899 ya sami digirinsa na dakta, bisa binciken da ya yi a kan gishirin wani ƙarfe da ake kira kobal.

Tun daga wannan lokaci halinsa ya bayyana. Shi mutum ne da ba ya yarda da aune sai ya tabbata ma'aunin kansa daidai yake. Daga cikin ayyukansa na farko akwai nemo wani gishiri mai tsabta, wanda ba ya sākewa in an ajiye shi, don masu gwaje-gwaje su riƙa gwada ƙarfin ruwan magungunansu da shi. Aiki ne irin wanda ba a yi wa guɗa, kamar mai duba mudu a kasuwa. Amma ku tuna, in mudu ya karkace, duk cinikin kasuwa ya karkace.

A birnin Kofanhagen akwai wani ɗakin bincike da ake kira Carlsberg, wanda wani attajiri, J. C. Jacobsen, ya kafa a 1875. Shi Jacobsen mai kamfanin giya ne, kuma da kuɗin kamfanin aka gina wurin. Sai dai ya kafa wata ƙa'ida, cewa duk abin da aka gano a ɗakin ba za a ɓoye shi ba, za a buga kowa ya amfana. Saboda wannan ƙa'ida ne ilimin da aka samo a can ya fita daga gidan giya, ya shiga asibiti da gona da gidan ruwa. Shugaban sashen kemistiri na wurin, Johan Kjeldahl, ya rasu a 1900. A 1901 aka naɗa Sorensen a madadinsa, yana da shekara talatin da uku. Bai bar kujerar nan ba sai 1938.

To, a nan ne ya juya ga furotin, watau sinadarin nan da ke cikin nama da ƙwai da wake da madara, wanda kuma yake cikin manyan abubuwan da aka gina jikinmu da su. Bari in tsaya in yi bayani kaɗan, don sauran labarin ya dogara a kansa. Ku ɗauki furotin kamar tsakiyar da mata ke shiryawa a zare. Kowane dutse a zaren shi ake kira amino asid, kuma iri ashirin ne jiki ke amfani da su. In zaren gajere ne, mai duwatsu daga biyu zuwa kamar hamsin, sai a kira shi feftayid. In ya yi tsawo ƙwarai ya nannaɗe, shi ne furotin. Wani masani Bajamushe, Emil Fischer, shi ya raɗa sunan feftayid a 1902, daidai lokacin da Sorensen ke kama aiki. Sorensen ya shiga harhaɗa waɗannan duwatsu da hannunsa a ɗakin gwaji, har a 1910 ya haɗa wanda ake kira arjinin. Ku riƙe wannan suna, za mu sāke gamuwa da shi. A 1907 kuma ya fito da wata dabara ta auna yawan amino asid ɗin da suka kwance sa'ad da ake narkar da furotin.

Abin da ke narkar da furotin da sauran abinci shi ake kira enzayim, shi ma yawanci furotin ne. A nan Sorensen ya ci karo da abin da ya daɗe yana damun masana. Mutum biyu za su ɗauki enzayim iri ɗaya, su zuba masa ruwan tsami daidai wa daida, amma aikin ya yi sauri wurin wannan, ya yi nawa wurin wancan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Sorensen ya bi diddigi har ya gano dalili. Ashe yawan asid ɗin da ka zuba daban, tsamin da ya wanzu a cikin ruwan daban. Furotin da gishirin da ke ciki sukan shanye wani kashi na tsamin. Misalinsa kamar ka zuba tulu guda na ruwa a kan fako, ka zuba wani tulun a kan rairayi. Ruwan da ka zuba ɗaya ne, amma wanda ya kwanta ba ɗaya ba ne. Shi kuwa enzayim ba ruwansa da abin da aka zuba, wanda ya kwanta shi ya sani.

Tun kafin wannan, wani masani na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya riga ya nuna cewa abin da ke sa tsami shi ne waɗansu 'yan ƙwayoyin haidurojin masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda asid ke saki a cikin ruwa. Wahalar ita ce lissafinsu. A tsabtataccen ruwa, yawansu a lita guda, bisa ma'aunin masana, 0.0000001 ne. Wa zai yi ta rubuta irin wannan kullum bai ɓata sifiri ɗaya ba? Sai Sorensen ya kawo shawara mai sauƙi a cikin wata doguwar maƙala da ya buga a 1909. A ƙirga gidajen da ke bayan ɗigo, a rubuta adadinsu kurum. A 0.0000001, lamba ɗaya tana gida na bakwai, saboda haka tsabtataccen ruwa 7 ke nan. In 0.01 ne, sai a rubuta 2. Wannan adadi shi ne pH, harafin H kuwa na haidurojin ne.

Abu biyu nake roƙon ku riƙe, don a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Na ɗaya, ma'aunin baibai yake tafiya: in lamba ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya ne da lemun tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa ne da toka da sabulu. Na biyu, kowane taki guda ninki goma ne. Ruwa mai pH 5 ya fi mai 6 tsami sau goma, ya fi mai 7 sau ɗari. Ruwan cikin tumbinmu, wanda yake wajen 2, ya fi ruwan sha tsami sau dubu ɗari. Saboda haka in aka ce jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, kada ku raina wannan ɗan tsakani. In ya sauka ko ya hau da kaɗan, rai yana cikin haɗari.

Da wannan mudu a hannu, sai Sorensen ya nuna kowane enzayim yana da tsamin da ya fi jin daɗin aiki a ciki. Fefsin, mai narkar da nama a tumbi, sai cikin tsami mai ƙarfi yake aiki, in aka kai shi ruwa mai pH 7 sai ya daina aiki. Ya kuma bayyana hanya biyu ta aunawa. Ɗaya da na'urar lantarki, ɗaya kuwa da ruwan rini masu sāke launi, a gwada launin da na waɗansu ruwaye da aka riga aka san tsaminsu. Ya tsara yadda za a haɗa waɗannan ruwaye masu riƙe tsaminsu ko an ɗan ƙara musu asid, kuma har yau akwai wanda ake kira da sunansa a ɗakunan gwaji. Da fari masu binciken jiki da likitoci ne suka fi karɓar ma'aunin. Sannu ba ta hana zuwa. A 1934 wani Ba'amurke, Arnold Beckman, ya ƙera na'urar auna pH mai sauƙin ɗauka, don masu sana'ar lemun tsami a Kalifoniya, daga nan abin ya game duniya.

Sorensen bai tsaya nan ba. Shi da matarsa Margrethe Hoyrup, wadda ita ma masaniya ce kuma abokiyar aikinsa, suka shafe shekaru a kan furotin na farin ƙwai. Suka yi ta tace shi har ya fito tsab kamar ƙanƙarar gishiri, suka auna yadda yake narkewa da yadda yake daskarewa in tsami ya sāke, suka buga sakamakon a 1917. A zamanin nan masana da yawa suna ɗaukar furotin wani irin kunu ne kawai marar tsari. Aikin mutanen nan biyu ya taimaka wajen nuna cewa shi ma yana da girma sananne, yana bin dokokin kemistiri kamar kowane sinadari.

Me ya sa tsami ke juya furotin haka? Ga dalilin. Waɗansu duwatsun zaren, kamar gulutamik da asfatik, in ruwa ba tsami sukan saki haidurojin ɗinsu, su zauna da caji mai alamar ɗebewa. Masu caji iri ɗaya kuwa ture juna suke yi, saboda haka zaren yakan miƙe, ya narke cikin ruwa. In tsami ya ƙaru sai su karɓi haidurojin ɗin, cajin ya gushe, zaren ya nannaɗe ko ya manne da 'yan'uwansa. Kun sha gani da idonku. Madarar da aka tatso tana wajen 6.6. In ta kwana, ƙwayoyin halitta suka mai da sukarinta tsami, ta sauko wajen 4.6, sai furotin ɗinta ya rasa caji ya dunƙule, ga kindirmo. Mai awara da ke zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya, dokar nan take bi, ko da ba ta taɓa jin sunan Sorensen ba.

An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, amma ba a taɓa ba shi ba. Ya ajiye aiki a 1938, almajirinsa Kaj Linderstrom-Lang ya gaje shi, shi ma ya zama babban masanin furotin. Sorensen ya rasu ran 12 ga Fabrairu, 1939, yana da shekara saba'in da ɗaya.

Yanzu bari mu ga inda aikinsa ya kai bayan ransa. A 1955 Frederick Sanger na Ingila ya gama karanta jerin duwatsun insulin, guda 51, a zare biyu. A 1963 Bruce Merrifield na Amurka ya fito da hanyar shirya feftayid dutse bayan dutse yadda mutum ke so. Da aka iya karatu aka iya shiri, sai masana suka fara tunanin ƙera feftayid wanda zai yi barci a wani tsami, ya farka a wani. Zan ba ku misali uku.

Na farko yana cikin asibitocinmu na nan Abuja. Mai ciwon sukari yana bukatar insulin da zai yi ta aiki a hankali dare da rana. Insulin na jiki ya fi saurin dunƙulewa a wajen pH 5.4. Sai masana suka ƙara masa arjinin guda biyu a ƙarshen zare ɗaya, dutsen nan da Sorensen ya haɗa a 1910, suka sāke dutse guda a ɗaya zaren, wurin dunƙulewarsa ya matsa zuwa wajen 6.7. Ana zuba shi a kwalba cikin ruwa mai pH 4, inda yake narke garau. Da an yi allura ya shiga ƙarƙashin fata, inda pH yake 7.4, sai ya dunƙule ƙanana ƙanana, ya yi ta narkewa sannu sannu har kusan awa ashirin da huɗu. Sunansa glargine, an fara sayar da shi da sunan Lantus, an amince da shi a Amurka da Turai a shekarar 2000. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci ke hana a gauraya shi da wani insulin a sirinji ɗaya, don gaurayawar tana ɓata tsaminsa. Duk mai ɗan'uwa da ke wannan allura, ya kamata ya san haka.

Na biyu, a 1987, a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Francis Szoka da abokan aikinsa suka ƙera wani feftayid mai duwatsu 30, suka sa masa suna GALA. Ƙwayar halittar jiki in ta haɗiyi abu daga waje, takan ƙulle shi a wata 'yar jaka, tsamin jakar ya yi ta ƙaruwa har wajen 5 ko 6, magani ya maƙale a ciki ya lalace. Shi GALA a pH 7 a sake yake, ba ya cutar da kome. A pH 5 sai gulutamik ɗinsa su rasa caji, ya murɗe kamar igiya, ya huda jakar, magani ya fito. Dabarar kuwa ba ta mutum ba ce tun asali, ƙwayar cutar mura mai tsanani da irin wannan hanya take kutsawa cikin jiki.

Na uku ya shafi ciwon daji. Tun wajen 1924 Otto Warburg na Jamus ya lura ƙwayoyin wannan ciwo suna cin sukari da haɗama, suna zubar da tsami. Saboda haka naman da ke kewaye da ƙarin yakan sauka ƙasa da 7, alhali lafiyayyen nama yana 7.4. A 1997, a jami'ar Yale, ɗakin binciken Donald Engelman ya ba da labarin wani feftayid mai duwatsu kusan arba'in, wanda daga baya aka sa wa suna pHLIP. A lafiyayyen nama yakan kwanta a bayan ƙwayar halitta kurum. In ya tarad da tsami sai ya murɗe ya nutse cikin fatarta kamar ƙusa. In an ɗaura masa rini, zai haska wa likita iyakar ƙarin. In an ɗaura masa magani, zai kai shi inda ake bukata. An fara gwada irin waɗannan a kan marasa lafiya, amma gwaji daban, tabbatarwa daban. Wahalar aikin ita ce tazarar ƙanƙanuwa ce, kuma akwai wurare masu tsami a jikin mai lafiya ma, kamar ƙoda. Mai ƙera irin wannan magani tilas ya saita shi daidai, kuskuren rabin taki ya isa ya ɓata kome.

Akwai kuma wani ciwo namu na gida da wannan ilimi ya haska, watau amosanin jini, wanda ake kira sikila. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya yayyanka furotin ɗin jini zuwa gajerun feftayid, ya gano bambancin mai sikila da wanda ba shi da ita dutse ɗaya ne tak. An cire gulutamik mai caji, an sa wani marar caji a gurbinsa. In iska ta yi ƙaranci a jini, ko ruwa ya ƙare a jiki, ko tsamin jini ya ƙaru, sai furotin ɗin ya manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo. A cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, nan Abuja, aka samar da maganin nan Niprisan daga itatuwan gida saboda shi. Malamin da ya gane wannan ba zai tilasta wa yaro mai sikila gudu cikin rana ba, ba kuwa zai hana shi fita shan ruwa ba.

Har ruwan da ake tacewa daga madatsar Usuma ana auna shi da mudun Sorensen, domin ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta sa iyaka tsakanin 6.5 da 8.5. Manoman Kwali da Kuje da Abaji ma abin ya shafe su, don ƙasa in ta yi tsami da yawa taki ba ya kama ta yadda ya kamata.

Ni abin da ya fi burge ni a rayuwar mutumin nan shi ne bai raina ƙaramin aiki ba. Bai gano sabuwar ƙasa ba, bai warkar da wata annoba ba. Ya ga ana aune da mudu marar kyau, ya zauna ya gyara shi, kuma ya bayar kyauta. Ga shi fiye da shekara ɗari ana awo da shi.

Saboda haka, ku da za ku fita koyon aikin koyarwa, ga shawarata. Kada ku ce makarantar ƙauye ba ta da kayan gwaji. Ku jiƙa zoɓo, ku tace, ku raba shi kofi uku. Ku matsa lemun tsami a ɗaya, ku bar ɗaya yadda yake, ku zuba ruwan kanwa a na uku. Yara za su ga na farko ya ƙara ja, na uku ya juye ya yi duhu. Wannan ita ce hanyar Sorensen ta biyu, ta auna tsami da launi. Sa'an nan ku kawo madara ku ɗiga mata lemun tsami, su ga yadda take tsinkewa, ku tambaye su dalili, ku ba su lokaci su yi tunani kafin ku faɗa musu. Bayan sun gani da idonsu ne za ku rubuta haruffan nan biyu a allo, ku gaya musu ɗan manomi ne ya ƙago su. Watakila cikin yaran nan akwai wanda zai ƙera mana maganin sikila. Allah Ya sa mu ga haka, amin.